Edward Jenner da tabon lamba a damtsen iyayenmu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

In aka ce a lissafo manyan mutanen Birtaniya, mu nan Lugga ne yake fara faɗo mana a rai, tunda dakarunsa ne suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Wanda ya yi boko zai ƙara da Sarauniya Victoria, da Churchill, da Isaac Newton. Ni kuwa yau wani likitan ƙauye nake so mu tsaya a kansa. Bai taɓa jan runduna ba, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma aikinsa yana jikin iyayenmu. A duba damtsen dattijan gida, da yawansu za a ga tabon lamba, wato rigakafin agana. Asalin wannan tabo yana wurin Edward Jenner.

Yaran yanzu ba su san agana ba, alhamdu lillahi. Cuta ce da ke farawa da zazzaɓi, sannan ƙuraje su feso tun daga fuska har tafin ƙafa, su cika da mugunya. Cikin mutum goma da ta kama, wajen uku ba sa tashi. Wanda ya tashi kuma ya tashi da zanzana, wani ma da makanta. A ƙarni na 18 an ƙiyasta tana kashe mutum 400,000 duk shekara a Turai kaɗai, kuma ba ta bar fada ba, don ita ta kashe Sarauniya Mary ta Biyu ta Ingila a 1694.

Kafin Jenner akwai dabara, kuma ba Turawa suka ƙago ta ba. A Turkiyya, da Indiya, da nan Afirka ta Yamma, akan ɗebi ruwan ƙurjin mai agana, a yi wa mai lafiya 'yar tsaga a shafa masa, ya yi ciwon sama-sama ya tsira har abada. Wata Baturiya, Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Daular Usmaniyya, ta ga haka a can. Ita kanta agana ta ɓata mata fuska, ta kuma kashe ɗan'uwanta. Sai ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, aka yi wa 'yarta a Landan a 1721. Wannan mata ta cancanci a riƙa ambatonta fiye da yadda ake yi. Sai dai dabarar tana da haɗari: ainihin agana ake sa wa mutum, wasu su mutu, wasu su ɗauka wa maƙwabta.

An haifi Jenner a 1749 a garin Berkeley, ƙasar kiwo ce a yammacin Ingila. Ya yi karatun fiɗa a Landan hannun John Hunter, sannan ya koma gida. A can mata masu tatsar nono suna da wata magana, cewa duk wadda ta ɗauki ƙurajen hantsar saniya a hannunta, agana ba ta kama ta. Wani manomi ma, Benjamin Jesty, ya riga ya gwada a kan matarsa da 'ya'yansa biyu tun 1774. Abin da ya bambanta Jenner shi ne bai raina zancen matan karkara ba, bai kuma tsaya a "an ce" ba. Ran 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya sa wa James Phipps, yaro ɗan shekara 8, ɗan mai kula masa da lambu. Yaron ya ɗan yi zazzaɓi ya warke. A watan Yuli ya sa masa ainihin agana, ba ta kama shi ba.

A nan dole in faɗi abin da ke raina. Ɗan talaka aka yi gwajin a kansa, ɗan yaron gida, wanda da wuya ubansa ya iya ce wa maigida a'a. Yau likitan da ya yi haka sai ya gurfana gaban kotu, kuma daidai ne. Abin da za a faɗa a madadin Jenner shi ne sa wa yara agana da gangan abu ne da aka saba a lokacin, ya kuma yi wa ɗan cikinsa lambar, daga baya ya ba Phipps gidan zama kyauta.

Ƙungiyar masana ta Landan ba ta karɓi rahotonsa na farko ba. Bai yi fushi ya zauna ba, ya ƙara gwaji, ya buga littafinsa da kuɗinsa a 1798. Bai ɓoye sirrin don ya yi arziki ba. Ya riƙa aika maganin ƙasashe, ya kuma mai da wata bukka a lambunsa wurin yi wa talakawa lamba kyauta. Majalisar dokoki ta ba shi fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa 20,000 a 1807. Napoleon, da ke yaƙi da Ingila a lokacin, ya sa aka yi wa sojojinsa.

Kada wani ya ɗauka Turawa sun karɓa hannu bibbiyu. A 1802 an zana hoton ba'a, ga mutanen da aka yi wa lamba shanu na tsirowa a jikinsu. Da gwamnati ta tilasta yi wa jarirai a 1853, sai rigima ta tashi, har dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin Leicester a 1885. Duk wanda ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zai gane wannan tsoro, tsoron uwa ne a kan ɗanta. An sha fama da lallashi kafin a ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a 2020.

Jenner ya rasu a 1823, agana tana nan tana ɓarna. Sai a 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar gamawa da ita. A gabashin Najeriya ne wani likita Ba'amurke, William Foege, da magani ya yi masa ƙaranci, ya gwada bin sawun cutar, a kewaye mai ita a yi wa duk na kusa da shi lamba. Dabarar ta ci, aka ɗauke ta zuwa sauran ƙasashe. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita haka kawai cikin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a wani asibiti a Merca ta Somaliya, a 1977, kuma ya warke. Ran 8 ga Mayu 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a duniya. Har yau ita kaɗai ce cutar ɗan Adam da aka kawar gaba ɗaya.

A 1858 an kafa mutum-mutumin Jenner a dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan, kusa da na Nelson da sauran jarumawan yaƙi. Wasu suka ce likitan ƙauye bai dace da wurin ba. Shekara huɗu kacal ya yi, a 1862 aka ɗauke shi aka kai lambun Kensington, kuma can yake zaune har gobe.