Harajin gidan farko a Saudiyya: wa gwamnati ke biya wa, kuma nawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina, da duk inda kuke kallonmu. Ana yawan cewa gwamnatin Saudiyya ta yafe haraji ga mai sayen gidan farko. Maganar gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma ba kowa ta shafa ba. Mu bi ta sannu a hankali.

A Janairun 2018 aka fara karɓar harajin kayayyaki na kashi 5 cikin ɗari a ƙasar nan, ya kuma hau kan cinikin gidaje. Tun a lokacin gwamnati ta ɗauki nauyin biya wa ɗan ƙasa harajin gidansa na farko, har zuwa riyal dubu 850 na kuɗin gidan. Da korona ta zo, a watan Yulin 2020 harajin ya tashi zuwa kashi 15. Ku lissafa: gidan riyal miliyan ɗaya, harajinsa dubu 150. Wannan bai daɗe ba. A watan Oktoban shekarar Sarki Salman ya ba da umarni aka cire cinikin gidaje da filaye daga wancan haraji, aka kafa masa nasa na daban, kashi 5 cikin ɗari, wanda ake kira daribatut tasarrufatil aƙariyya. Aka kuma ɗaga iyakar sauƙin gidan farko zuwa riyal miliyan ɗaya. Hukumar zakka da haraji da kwastam, wato ZATCA, ita ke karɓar kuɗin.

To yanzu lissafi. Ka samu shiƙƙa, wato sashen zama a cikin gidan bene, a kan riyal dubu 800. Harajinta dubu 40, gwamnati ta ɗauke shi duka. Idan kuwa gidan miliyan ɗaya da dubu 400 ne, harajinsa dubu 70. Gwamnati za ta biya na miliyan ɗin farko, wato dubu 50, ragowar dubu 20 kuma sai an zaro daga aljihu. Komai tsadar gidan, abin da za a ɗauke maka ba zai wuce dubu 50 ba. Sauƙin kuma na gidan zama ne, ba na filin da babu gini a kai ba. Ladan dillali ma, wanda ake ce wa sa'ayi, yawanci kashi biyu da rabi, yana nan daram, ba ya cikin wannan magana.

Dalilin gwamnati ba ɓoyayye ba ne. Shirin Ru'uya 2030, wato tsarin ci gaban ƙasar zuwa shekarar 2030, yana son kashi 70 cikin ɗari na iyalan Saudiyya su mallaki gidan kansu, daga kashi 47 da ake da shi a 2016. Wannan sauƙi ɗaya ne daga cikin hanyoyin cimma hakan, tare da tallafin da ake bayarwa ta Sakani, shirin gidaje na gwamnati.

Yaya ake samu? Ana shiga shafin Sakani, a cike bayanai, a tabbatar da cewa wannan ne gidan farko, sai a fitar da shahadar ɗaukar nauyin haraji. Wannan takarda ita ce komai. Mai sayarwa zai yi rajistar cinikin a shafin ZATCA, ya shigar da bayanan shahadar, sannan a je ga ifragi, wato juya sakki, takardar mallakar gidan, zuwa sunan mai saye. Doka ta ce a biya haraji kafin ifragi ko a lokacinsa, don haka a riƙe shahadar a hannu tun kafin ranar. Kada a bari sai an zauna za a sa hannu sannan a fara lalube a waya.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: a doka, mai sayarwa ne ake bin harajin. A kasuwa kuwa sau da yawa kan mai saye yake ƙarewa, ko dai da yarjejeniya ko a cusa shi cikin farashi. Saboda haka ka tambayi mai gida ko dillali tun farko: “Wannan kuɗin da ka faɗa, da haraji a ciki ko babu?” In da shi a ciki kuma kana da shahada, ai sai farashin ya sauka. In ba haka ba, gwamnati ta yi maka alheri, wani ya cinye.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar mu. Sauƙin na ɗan ƙasa ne, mai hawiyya, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Mai iƙama, wato baƙo mai izinin zama, ba ya ciki, ko da a unguwar Jarwal ko Misfala ta Makka aka yanke masa cibiya. Kuma kun san yadda gidajenmu suke: a zuri'a ɗaya za ka tarar da kawu ɗan ƙasa, sunansa na ƙarewa da Hausawi, ɗan 'yar uwarsa kuma yana sabunta iƙama. Daga nan ne shawarar nan ke fitowa: “Ka kawo kuɗinka a saya da sunan yaron Baba, tunda shi yana da hawiyya, sai a huta da haraji.”

A ganina wannan shawara ba ta da kyau, ga su duka biyun. Shi wanda ya ba da sunansa ya ƙona damarsa. Gidan farko sau ɗaya ake yin sa. Ranar da ya tashi sayen nasa na gaskiya, an riga an rubuta cewa yana da gida. Shi kuma mai kuɗin, sakki ba ya ɗauke da sunansa. Yau ana zaman lafiya ana cin tuwo kwano ɗaya. Gobe in ta Allah ta kasance ga mai sunan, gidan ya shiga cikin gadonsa, kuma magada da alƙali takarda za su duba. An tsere wa dubu 50, an jefa miliyan a cikin rigima. Ban da haka, an ba hukuma bayanin da ba gaskiya ba.

Tunda an taɓo gado, a sani cewa rabon gado tsakanin magada ba ya cikin abin da ake karɓar wa wannan haraji. Haka ma kyautar gida da aka rubuta a hukumance ga miji ko mata ko dangi na kusa, da kuma waƙafi. Amma kyautar tana da sharuɗɗa, ba a yin ta don a zagaya a sayar wa bare.

Mai iƙamar da ke son gida da sunansa kuwa, dokar mallakar gidaje ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba ita ce hanyarsa, kuma Makka da Madina suna da nasu ƙa'idoji na musamman. In ya saya, harajin kashi 5 yana kan cinikin cikakke, sai ya sa shi cikin lissafi tun kafin ya ba da kafin alƙalami.