Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista A Masana'antar Haɗa Sashen Sama Na Rokar Ariane 6, Bremen, Jamus

Mai girma Minista, manyan baƙi da ke cikin tawagarka, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. A madadin injiniyoyi da ma'aikatan wannan zaure, muna yi muku lale marhabin.

Ranka ya daɗe, abin da ke gabanka shi ne sashen sama na Ariane 6. Faɗinsa mita 5.4 ne, yana ɗaukar mai kimanin tan 30 a tankuna biyu: ruwan haidirojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili, da ruwan oksijin mai digiri 183 ƙasa da sifili. Inji ɗaya gare shi, Vinci, mai ƙarfin turi kilonyutan 180. Daga nan ake loda shi a jirgin ruwa zuwa Kourou a Giyanar Faransa, a Kudancin Amurka, inda ake harba rokar.

Sashen ƙasa ƙarfi kawai ake nema a wurinsa, cikin 'yan mintuna ya gama ya faɗo. Na sama kuwa shi ke kai tauraron ɗan'adam daidai falakinsa. Injin saman Ariane 5, rokar da ta gabaci wannan, a samfurinta na ECA sau ɗaya yake kunnuwa. Vinci ana kashe shi a sake tayar da shi, don a sauke taurari a falaki daban-daban, sannan a karkato sashen ya ƙone a iskar duniya kada ya zama shara.

A nan wahalar take. Da zarar inji ya mutu a sararin samaniya, nauyi ya ɓace, man ba ya kwanciya a gindin tanki, sai ya watsu yana shawagi. Famfo in ya zuƙi iska maimakon ruwa, injin ba zai tashi ba. Shi ya sa aka ƙera wata ƙaramar na'urar taimako da ake kira APU. Tana ƙona ɗan mai kaɗan, ta cika tankuna da matsi, ta kuma tura sashen a hankali har man ya taru a bakin bututu. Kafin kunnawa kuma dole a sanyaya bututan, in ba haka ba haidirojin zai tafasa a cikinsu.

A tashin farko, ranar 9 ga Yuli 2024, an sake kunna Vinci lafiya, amma daga baya APU ta tashi ta mutu nan take, saboda awon zafi guda ya haura iyakar da aka sa wa manhaja. Kunnawar ƙarshe ba ta yiwu ba, sashen ya zauna a falaki. An gyara tsarin sanyayawa a manhajar, kuma tashi na biyu a Maris 2025 ya kammala aikinsa.

Kokenmu ɗaya ne, mai girma Minista: kada a rage kuɗin gwaji. Dandalin gwaji na Lampoldshausen da ke kudancin Jamus yana gwada sashen gaba ɗaya da wuta, amma rashin nauyi ba a ƙirƙiro shi a ƙasa na tsawon awanni, sai a dogara da lissafi da bayanan kowane tashi.

Yanzu za a ba ku fararen riguna da huluna, domin ƙura ko maiƙo kaɗan a bututun oksijin na iya haddasa gobara. Bismillah, mu fara da wurin tankuna.