Man Libiya da namu ba daga dutse ɗaya suke ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Duk lokacin da fetur ya yi wuya a N'Djamena, babban birnin ƙasarmu Chadi, sai ka ji ana cewa ai Libiya maƙwabciyarmu ce, abin da ke ƙarƙashin ƙasarsu yana ƙarƙashin tamu, haƙowa ce kawai ba a yi ba. Zancen da daɗin ji, amma duwatsun ƙarƙashin ƙasa ba su goyi bayansa ba.

A 1967 kamfanin Occidental na Amurka ya gano filin mai na Intisar a yankin Sirte na Libiya, inda rijiya guda ta riƙa ba da dubban ganguna a rana. Man yana cikin wani tsohon tudun murjani ne. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne a wurin. Murjani da sauran ƙananan halittun ruwa suka yi ta gini a kan gawarwakin magabatansu har tudu ya tashi, laka ta binne shi ta toshe samansa. Cikinsa kuwa huda-huda ne kamar soso, can mai ya taru ya rasa hanyar fita.

Neman irin wannan tudu da wuya, domin wani faɗinsa 'yan kilomita ne kacal. Sai an aika girgiza cikin ƙasa an saurari amsawarta, duk da haka a kan kuskure shi da tazara kaɗan. A Kanada sai da kamfanin Imperial ya haƙa rijiya 133 ba ɗigon mai kafin ya dace a Leduc a 1947. In dutsen ya cushe kuma, sai an ɗura masa asid ya buɗe hanya.

Namu daban ne. Man filayen Kome, Miandoum da Bolobo na kudancin Chadi, wanda ke bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru tun 2003, a dutsen yashi yake, ragowar tsoffin koguna da tafkuna. Na Bongor da ke ciyar da matatar Djermaya, wani ma a tsagogin dutsen da ke can ƙarƙashin dutsen yashin yake kwance.

Sirte kuma tana arewa can, wajen Bahar Rum. Yankin Kufra da ke manne da iyakarmu, Libiyawan da kansu ba daga nan suke samun mansu ba. Saboda haka duk ɗan siyasar da zai yi mana alkawarin man arewa, mu tambaye shi wane irin dutse ne a wurin, kuma rijiya nawa aka haƙa.