Me Ake Yi wa Kayan Tarihi a Ɗakin Ajiya?

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama, nan daura da fadar Sarkin Kano, ya ga kayan yaƙin da, ya ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Ginin kansa tun ƙarni na 15 yake, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. To amma a yawancin gidajen tarihi, abin da ake baje wa baƙo kaɗan ne. Sauran suna can ɗakin ajiya a kulle, kuma makomarsu tana hannun masu kula da ɗakin.

Mu ɗauki abu guda mu bi shi: tsohon littafi rubutun hannu, warƙa-warƙa, a cikin gafaka ta fata, irin wanda kakanninmu suka bari.

Babban abokin gabarsa a Kano shi ne sauyin yanayi. A tsakiyar hunturu, laimar da ke cikin iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. A watan Agusta kuwa takan haura kashi 70. Fata da takarda da itace da ƙwarya duk suna shan laima, suna kuma amayar da ita. Da damina su kumbura, fumfuna ta hau su. Da hunturu su ƙanƙance su tsage. Yadda diddigenka ke yin faso, haka gafakar nan take yi, haka fatar tambari take yi, sai dai su ba sa warkewa. Shi ya sa masana ke son laimar ɗakin ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60.

Wani zai ce, ai sai a sa na'urar sanyaya ɗaki. A nan ina da ja. Na'urar da za ta yi awa uku a ɗauke wuta, ɗaki ya yi sanyi ya koma zafi sau biyu a yini, ɓarnarta ta fi ta rashinta. Katangar ƙasa mai kauri, irin ta ginin gargajiya, tana rage wannan hawa da sauka ba tare da ko sisin lantarki ba, muddin ana yaɓe rufin kafin ruwa ya sauka. Sannan a sa littafin cikin akwatin kwali marar sinadarin asid, akwatin cikin kabad, a ɗaga kantar kabad ɗin ta ƙasa aƙalla santimita 10 daga daɓe saboda ruwa da gara.

Yanzu a ce za a ɗauke shi zuwa wani ɗaki. Nan ne zuciyata ke tsinkewa, domin abin da ya yi shekara 200 lafiya, minti biyu a hannun mai gaggawa ya ishe shi. Kafin ka taɓa, ka tsaya ka duba: ina ya tsage, ina ya yi laushi? Ka bi hanyar da ƙafarka tukuna, ka buɗe ƙofofi, ka shirya inda za ka sauke. Ka cire zobe da agogo. Hannu biyu, daga ƙasa, a kan faranti mai shimfiɗa. Tulu ba a kama shi ta wuya, ba a ɗaga akwati ta mariƙi, ko da an yi mariƙin don haka ne, domin ya tsufa. Babbar riga mai nauyin aiki ba a rataye ta, kwantar da ita ake yi, a cusa takarda mai laushi a inda aka ninke.

Batun safar hannu kuma, mutane na yawan juya shi. Takobi da sulke da kayan tagulla suna buƙatarta, saboda gishirin gumi na cin ƙarfe. Takarda kuwa ta fi son hannu wankakke busasshe, domin da safa ba ka jin gefen warƙa, sai ka yage ta.

Sabon abu idan ya zo, ba ya shiga cikin 'yan'uwansa kai tsaye. Keɓe shi ake yi a ga ko yana ɗauke da asu ko ƙwai. In an samu, a kan rufe shi ruf cikin leda, a sa shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na kimanin mako guda, in jikinsa zai jure. Fiya-fiya kam, don Allah a'a. Haka ma salatif a kan yagaggiyar takarda, da shafa wa tsohuwar fata mai. Masu irin waɗannan littattafai a gida, wannan har da ku.

Saura lamba. Kowane abu yana da tasa, a jikinsa da kuma cikin rajista: daga ina ya zo, wa ya kawo, yaushe, yana kan wace kanta. Gafakar da lambarta ta ɓace, ko tana gabanka, ba ka san ta wane malami ba ce, ba ka san unguwar da ta fito ba. Don haka da zarar ma'aikaci ya sauke littafin nan a sabon wurinsa, kafin ya je salla ko cin abinci, zai zaro fensir, ban da biro, ya rubuta ɗaki da kanta da kwanan wata, ya sa hannu.