Ƙurar katako a ƙaramin shagon kafinta na gida: lacca daga muryar da aka naɗa

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da suka riga mu riƙe zarto, da 'yan'uwa kafintoci, da yaran shago da ke can baya, barkanku da zuwa. Maganar da aka ce in yi ita ce ta mutumin da ya ware ɗaki ɗaya ko garejin gidansa, ya kafa injin yanka da na fere katako da na gugar sanfefa. Yaya zai yi da ƙura?

Abin da injin katako ke zubarwa iri uku ne. Akwai sassaƙe, wanda injin fere ke fitarwa a nannaɗe. Akwai garin katako na bakin zarto. Waɗannan biyun tsintsiya suke wahalarwa. Na ukun shi ne ƙura mai laushi, wadda ita huhu take nema. Ana auna ta da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Kaurin gashin kai wajen maikiron 70 ne. Ƙurar da ke ƙasa da maikiron 10 ido ba ya ganinta, kuma tana iya daɗewa tana yawo a ɗaki bayan an kashe inji. Wanda yake shakka ya yi gugar sanfefa da yamma, ya rufe ƙofa, bayan magariba ya shiga ya haska tocila a tsakiyar ɗakin. Zai ga abin da yake shaƙa.

Tun 1995 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta cikin hanci. Kafin a je nan ma akwai asma da ƙaiƙayin fata, kuma iroko da obeche, waɗanda muke yanka kullum, an san su da wannan. MDF, wato allon da ake yi da garin katako da aka matse, ya fi su muni wajen laushin ƙura, ga gam ɗin da aka manne shi da shi. A Ingila dokar wurin aiki ta ƙayyade miligiram 3 na ƙurar katako mai tauri a kowace mita kubik ta iska. Ku lissafa: ɗaki mai mita 4 da mita 5, tsayin rufi mita 3, mita kubik 60 ke nan. Sau 3, miligiram 180. Bai kai kashi ɗaya bisa biyar na giram ba. Gugar sanfefa ta 'yan mintoci ta wuce wannan nesa ba kusa ba.

Don haka dabarar ita ce a kama ƙura a bakin inda take fita, tun ba ta bazu ba. Kana iya hure kyandir daga nesa ya mutu, amma gwada kashe shi da zuƙa daga wurin, ba zai ko motsa ba. Zuƙa ba ta da dogon hannu. Idan bakin tiyo faɗinsa santimita 10 ne, ka matsa santimita 10 daga bakin, gudun iskar ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya bisa goma. Shi ya sa tiyon da aka rataye a bango "kusa da inji" ado ne kawai. Sai an kai shi jikin wuƙa, an kuma rufe gefe-gefen da akwatin filawud yadda iska ba ta da hanyar shiga sai ta inda ƙurar take.

Injunan zuƙa iri biyu ne, kuma a nan mutane suke asarar kuɗinsu, don suna ɗauka ɗaya zai yi aikin ɗaya.

Na farko ƙaramin ne mai bokiti da tayoyi. Yana da ƙarfin zuƙa sosai amma iskar da yake ja kaɗan ce, kamar mita kubik 150 zuwa 250 a awa, ta siririn tiyo mai milimita 32 zuwa 50. Wannan na injunan hannu ne: na sanfefa, rauta, zarton hannu mai lantarki. Ƙofar ƙurarsu ƙarama ce, ƙarfi take so.

Na biyu babban ne mai farfela da buhu, ƙarfin doki 1 zuwa 2 a ƙaramin shago. Yana kwasar iska mai yawa amma ba shi da ƙarfin ja ta matsattsen wuri. Shi bututu mai milimita 100 ko fiye yake so. Na injin fere ne, da teburin yanka, da zarton bel. Lambar da ke jikin kwalinsa kada ta ruɗe ku. An auna ta ne babu bututu babu matata. In an haɗa komai, sau da yawa rabi ake samu. In kuma kun ga an rubuta CFM, wato ƙafa kubik na iska a minti, ku ninka da 1.7 ku sami mita kubik a awa.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Don sassaƙe ya yi tafiya a bututu bai kwanta ba, ana son iska ta yi gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. A bututun milimita 100, wannan na nufin mita kubik 565 a awa. A na milimita 150, kusan 1,270. To ɗauki ƙaramin inji mai 200 ka haɗa shi da bututun 100: gudun ya koma mita 7, sassaƙe ya kwanta, bututu ya toshe. Ka juya lamarin, ka matse babban inji daga 100 zuwa 50: faɗin ramin ba rabi ya koma ba, kwata ya koma, injin kuma ba shi da ƙarfin tilasta iska ta wurin. Sai ka ji yana ta ruri, ƙura na tashi abinta.

Wajen shimfiɗa bututu, a gajarta hanya. A sa babban injin kusa da injin fere, don shi ya fi zubarwa. Tiyo mai lanƙwasa, mai zobba a ciki, yana cin iska kamar ninki biyu zuwa uku na bututu mai santsi, saboda haka mita ɗaya ko biyu a ƙarshe ya isa. Maimakon gwiwa ɗaya mai digiri 90, a haɗa biyu masu 45. Wurin reshe a sa mahaɗa mai siffar Y, ba T ba. Kowane reshe a yi masa ƙofar zugewa, a buɗe ta injin da ake aiki da shi kaɗai. Gaskiya ma, a ɗaki mai mita 4 da 5, ni ban ga dalilin zagaye bango da bututu ba. A sa wa injin tayoyi, a riƙa tura shi wurin aiki da gajeren tiyo, ya fi ja kuma ya fi arha.

Yanzu mu zo ga abin da kafinta zai iya haɗawa da hannunsa, wato tukunyar da ke raba gari da iska kafin su kai ga matata. In babu ita, matatar ƙaramin inji cikin 'yan mintoci take toshewa, kuma duk ƙusa ko guntun katakon da aka zuƙa kai tsaye zai bugi farfelar babban inji. Akwai ta sayarwa mai siffar mazurari, iska na shiga ta gefe tana juyawa kamar guguwa, mai nauyi ya faɗa ƙasa, iska ta fita ta sama. Akwai kuma dabarar wani Ba'amurke, Phil Thien, wadda ta fi sauƙin yi. Ka sami duro na ƙarfe. Ka yanka murfi da filawud mai kaurin milimita 18. Ka huda rami biyu: ɗaya a tsakiya, shi ke tafiya wurin inji, ɗaya kusa da gefe, shi ke kawo ƙura, a ƙarƙashinsa gwiwa wadda ta juya bakinta tana bin bangon duron. Ƙasa da gwiwar sai ka rataye faifan filawud da dogayen kusoshi masu noti guda uku. Faifan nan a rage gefensa da kusan santimita 3 a kashi biyu bisa uku na kewayensa, sauran kashi ɗayan a bar shi ya taɓa bango, kuma a daidai wannan cikakken ɓangaren bakin gwiwar zai hura. Gari yana zagayawa, ya faɗa ta tsagar, faifan kuma ya hana iska sake kwaso shi.

Abu uku ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya yoyon iska a bakin murfi. Ƙaramar kafa ta isa ta tayar da garin da ya kwanta ya wuce matata. A liƙa robar tsohon tub ɗin taya a kewayen, a kunna inji, a zagaya da turaren tsinke. Inda hayaƙi ya shige, nan ne. Na biyu bokitin roba mara kauri: ranar da tiyo ya toshe, ƙaramin inji zai murƙushe shi. Na uku barin duro ya cika. Da ya kai kashi biyu bisa uku a juye. Ku kuma sani tukunyar nan tana rage jan iska, ba kyauta take aiki ba, kuma ƙura mai laushin nan tana wuce ta.

Wannan ya kawo mu matata. Buhun yadi da ke zuwa da injuna masu arha yawanci na maikiron 30 ne. Yana riƙe sassaƙe, ya fesa mai laushin cikin ɗaki, daidai tsayin hanci. Ka ga an sayi inji don ya raba ƙura ga kowa. Ko dai a canza shi da matata mai naɗe-naɗe ta maikiron 1 ko ƙasa, ƙaramin inji kuma a sa masa matatar da ake kira HEPA, wadda ke riƙe kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura mai maikiron 0.3, in na Turai ne a duba harafin M ko H a jikinsa, alamar yana riƙe ƙura mai laushi. Ko kuma a fitar da injin waje gaba ɗaya, a yi masa 'yar rumfa, bututu ya ratsa bango. A Kanada da Turai suna gudun wannan don yana kwashe ɗumin ɗaki lokacin sanyi. Mu ba mu da wannan damuwar. Amma da sharaɗi: a bar taga a buɗe a ɗaya bangon don iska ta maye gurbi, kuma janareto kada ya kasance kusa da tagar nan, in ba haka ba hayaƙinsa za ka jawo ciki, gubar da ke cikinsa kuwa tana kisa ba tare da wari ba. Kada bakin fitar ya kalli madafa, ko shanyar maƙwabta, ko inda yara ke wasa.

Tunda an ambaci janareto, injin farfela yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, saboda haka a tayar da shi shi kaɗai, ya daidaita, sannan a kunna na yanka. Wanda kuma zai sayi na hannu daga Amurka ya duba farantin jikinsa. An yi shi don wuta mai 60Hz, tamu 50Hz ce. Ko an gyara maganar bolt da taransifoma, juyinsa zai sauko daga wajen 3,450 zuwa 2,850 a minti, ƙarfin zuƙarsa ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wani abin da ke ba mutane mamaki: injin farfela ya fi cin wuta idan bakinsa a wangale yake babu bututu, don a lokacin ya fi ɗaukar iska. A haka wasu ke ƙona kwayil.

Sai wuta. A 2015 masana'antar garin katako ta Bosley a Ingila ta fashe, mutum huɗu suka rasu. A ƙaramin shago abin da ya fi faruwa shi ne tartsatsi ya faɗa cikin duro ya yi ta ci a hankali har tsakar dare. Don haka kada a wasa ƙarfe kusa da bakin tiyo, kada a zuƙi guntun sigari, a juye duro kafin a rufe shago. Bututun PVC kuwa da hunturu yana tara wutar da ke fizgar hannu. Haɗarinta shi ne ka zabura hannunka na kusa da wuƙa. A naɗe shi da wayar tagulla tsirara a kai ta ƙasa, ko a yi amfani da na ƙarfe.

Duk da haka wata ƙurar za ta kuɓuce. Fanka mai akwati da aka liƙa wa matata a bayanta tana taimakawa. A nemi ta juya iskar ɗakin kamar sau shida a awa, wato mita kubik 360 a awa a ɗakin da muka lissafa, a bar ta tana aiki bayan an tashi. Takunkumi kuma N95 ko FFP2 ne mafi ƙaranci, FFP3 ko P100 in MDF ake yi. Na asibiti mai shuɗi da rawani ko ƙyalle ba sa tare wannan ƙurar. Masu gemu, a yi haƙuri, iska tana bi ta cikin gashi, sai dai irin hular da ke rufe fuska mai ƙaramar fanka da batir. Kada a kaɗe jiki ko inji da iskar kwamfaresa. In za a yi shara, a yayyafa ruwa tukuna.

Na ga hannu a can. Bismillah, Baba.

Baba yana tambaya kan madarar da yara ke sha bayan aiki wai tana wanke ƙura. Allah ya ƙara girma, Baba, madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce. Su sha don abinci ce, amma kuɗin gwangwani biyu gara a tara su a sayi takunkumi.

Malam kuma ya ce garin da aka tara fa? Sassaƙen injin fere na katako zalla masu kaji suna saye don shimfiɗa. Amma a ware duron MDF da filawud da katakon da aka yi wa maganin gara daban. Wannan ba a shimfiɗa wa kaji, ba a hura murhun girki da shi, ba a kuma ba masu gashin nama ko ƙyafe kifi. A ɗaure shi a buhu tun a bakin duron, a waje, da takunkumi a fuska, don lokacin juyewar nan ne mutum ya fi shaƙa.