Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Sarakunan Indiya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Zariya. Tana cewa a finafinan Indiya na tarihi takan ga zanen sarki, fuska a karkace, ga da'irar haske kewaye da kansa. Mene ne asalin wannan?

To Malama, abin ya samo asali ne daga fadar sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki Indiya. Sarki Humayun ya yi zaman gudun hijira a Farisa, da ya koma Indiya a 1555 sai ya taho da gwanayen zane biyu, Mir Sayyid Ali da Abdus Samad. Ɗansa Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, shi ya tara masu zane fiye da ɗari, Musulmi da Hindu, suna aiki tare. Hasken nan kuwa a zamanin Jahangir, ɗan Akbar, ya kankama, an kuma aro shi daga hotunan da limaman Kirista suka riƙa kawowa fada tun 1580.

Akwai zanen da nake so ki nema ki gani, na wani gwani mai suna Bichitr. Jahangir na zaune a bisa, yana miƙa wa wani shehin Sufaye littafi, ga Sarkin Daular Usmaniyya da Sarki James na Ingila a ƙasa suna jiran layi. Ba a rasa gane saƙon: malami na gaba da sarakuna. Kuma duk wannan a kan takarda ne da ba ta wuce shafin littafi ba, da burushin gashin kurege, da ruwan zinariya, a goge da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Galibinsu a kundi ake adanawa, ba a bango ba.

Wani kuma daga Maraɗi yana tambaya: ba Musulmi ba ne su, ya aka yi suna zana mutane?

Musulmi ne, Malam, kuma tun a lokacin akwai waɗanda suka ƙyamaci abin. Marubucin fada Abul Fazl ya ruwaito hujjar Akbar, cewa mai zane ya fi saurin tuna Mahalicci, domin yana ganin gazawarsa wajen sa wa abin da ya zana rai. Sarki Aurangzeb, da ya hau mulki a 1658, ya janye hannunsa daga tallafa wa masu zane daga baya, masu zane da dama suka koma fadojin sarakunan yankin Rajasthan. Hukuncin shari'a kuwa, wannan sai ka tuntuɓi malamai.