Yadda Ake Canza Sil Da Farfelar Injin Ban Ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ga injin ban ruwa nan a gabana, mai amfani da fetur. Matsalarsa biyu: yana ɗigar da ruwa ta nan ƙasa, tsakanin gidan famfon da jikin injin, sannan ba ya jan ruwa da ƙarfi kamar da. Ɗigar nan aikin sil ne, wato abin da ke hana ruwa fita ta inda sandar injin ta shiga gidan famfon. Rashin ƙarfin kuwa, bari mu buɗe mu duba farfela, wato abin nan mai fukafukai da ke juyawa a cikin famfon yana tura ruwa.

Kafin komai, a zare hular filogi, kada injin ya tashi hannunka na ciki. A kwance marfin ƙasa ruwa ya tsiyaye, sannan a kwance kusoshin gidan famfon. To, ga farfelar. Ku matso da kyamara. Kun ga bakin fukafukanta? Yashi ya cinye su, sun zama sirara kamar wuƙa. Wannan ba ta gyaruwa, sai sabuwa.

A wannan injin farfelar ɗaure take da zare a kan sandar injin, hagu ake juya ta in za a kwance. Idan ta cije, a ɗora katako a kan fiffikenta a buga katakon. Kada a buga ƙarfen kai tsaye, fashewa zai yi. Ku lura da 'yan siraran wasoshin da ke bayanta, wato zobban ƙarfen nan, kada ko ɗaya ya ɓata, su ke daidaita tazarar da ke tsakaninta da gidanta.

Yanzu ga sil ɗin, kuma nan nake so ku natsu. Gida biyu ne. Ga farin zobe na tangaran, zaune cikin roba a bayan farfela. Ga kuma baƙin zobe na kabon mai sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar nan da ke tokare shi, a jikin murfin baya. Fuskokin nan biyu su ke gugar juna, sifirin yana matse su, ruwan da injin ke ja kuma shi ke sanyaya su. Shi ya sa idan aka tayar da inji babu ruwa a ciki, nan da nan sil ya ƙone. Ku dubi wannan tsohon, tangaran ɗin har ya tsage.

Biyun ake canzawa tare, ko da ɗaya ya yi kamar lafiyarsa ƙalau. A goge mazauninsu tsaf, kada a bar tsatsa. A shafa ɗan ruwan sabulu a jikin robar kawai. Ban da giris, ban da baƙin mai, don wata robar kumbura take yi da su. Sannan, don Allah, kada yatsa mai datti ya taɓa fuskokin nan masu sheƙi. Ƙwayar yashi ɗaya tal ta isa ta karce su, aikin ya dawo sabo. A danna kowanne ya zauna daidai, ba a karkace ba, sumul yana kallon sumul.

Sai a mayar da wasoshin, a ɗaura sabuwar farfela, a duba zoben robar murfi, a rufe. A ja igiya a hankali, a saurara. In ka ji guga, farfela na taɓa gidanta, sai a sake buɗewa a gyara wasoshin.

A sa rariya a bakin tiyon da ke shiga ruwa. A cika gidan famfon da ruwa har ya tumbatsa, a mayar da hular filogi, a tayar. Mu bar shi ya ɗan yi aiki, mu kuma mu zuba ido a wurin nan da yake ɗiga ɗazu.